Kakata da Kifinta Ɗan Ikko

Na Allah muke, kuma wurinsa muka nufa gaba ɗaya. Kaka ta riga mu tafiya.

Ina kasuwar Onacha a kan buhunan albasa waya ta same ni. Kafin in iso Tambuwal an riga an kai ta makwancinta, zaman makoki kawai na tarar: maza a rumfar ƙofar gida, mata cike da tsakar gida har bakin rijiya. Fatauci ya sa na zauna makoki a garuruwa da dama, amma ban taɓa ganin mai yawan marayu irin wannan ba. Kaka ungozoma ce. Ta yi aiki a asibitin gari har ƙarfinta ya ja baya, kuma bayan ta ajiye aikin ba a daina buga mata ƙofa ba. Sai ka ga mutum da furfura a gemu ya durƙusa ya ce, "Ita tay yanke man cibiya." Na kusa da shi ya ce, "Ni da ɗiyana dut." Wani malamin makaranta da ya zo daga Sanyinna ya ce shi ba gaisuwa ya zo yi mana ba, zuwa ya yi a yi masa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, kusan kowa in ya gama "ya haƙuri", aka shafa fatiha, sai ya sassauta murya ya ce, "To, ina kihin?"

Kaka tana da kifi a ɗakinta, cikin wani babban akwatin gilashi, shekara da shekaru. Ɗan Ikko take kiransa, don daga Legas ya zo. Wata tsohuwar Bafulatana mai kawo mata nono daga wata ruga bayan Dogon Daji ta shigo tana kuka, ta gaisa da mata, sannan ta wuce har gaban gilashin ta ajiye ƙwaryarta ta ce, "Sannu, Ɗan Ikko. Ya haƙuri? Mu da kai dut marayu na." Mata suka yi dariya da hawaye a fuska.

Labarin ya fito waje ya sami Kawu. Kawu shi ne ɗan farin Kaka, wan mahaifiyata, tsohon hedimasta, kuma gidan a hannunsa yake. Bai yi dariya ba. Ya ja carbinsa ya ce, "In anka yi addu'ar bakwai, kihin ga shi bar gidan ga."

Inna, wato mahaifiyata, wadda ke aure a Kebbe, ta ce to a ba ta shi ta tafi da shi, a sake shi a gulbi. Can aka haifi Kaka, sai ya zama sadaka gare ta. Kowa ya ce wannan magana ta yi kyau. Ni dai na san gulbi kashe shi zai yi. Kifin da bai san komar masunta ba, bai san ƙugiya ba, wanda ya saba karɓar abinci a hannun mutum, ko wuni ba zai yi ba. Sai dai a gidan ma mutuwar yake yi, domin tun ranar da aka fita da Kaka bai ci komai ba.

Bari in koma baya, don jikokinta ƙanana kada su tashi suna cewa wata tsohuwa ce mai kifi, shi ke nan.

A hannun Kaka na tashi. Yaye aka kawo ni daga Kebbe, ta ƙi mayarwa. Irin wasan jika da kaka, ni ne "maigida". In na dawo daga tafiya, tun daga zaure take jin takuna ta ce, "Ga mijin da ba shi kwana gida." In na buɗe baki kuma ta ce yawo ya lalata mini harshe, na koma magana awa mutumin rediyo. Tsarabata ba ta wuce burodi, sabulu, wani lokaci turmin atamfa. Wata rana ta juya burodin a hannu ta ce, "Maigida, burodi ƙarewa shika yi, kai kuma tahiya. In kana son aure shi daɗe, kawo man abin da ka zama."

Da fatauci ya kai ni Legas sai na ga wani shago na masu sayar da kifin ado. A ciki akwai wani ɗan kifi, bai fi babban yatsana ba, baƙi, da ja-ja a gefensa kamar garwashin da toka ba ta gama rufewa ba. Mai shagon ya ce sunansa Oska, ɗan'uwan karfasa ne amma daga wata ƙasa mai nisa. Ya ce zai yi girma ƙwarai. Na ɗauka bakin ɗan kasuwa ne, ni ma haka nake cewa a kan albasa. Aka ɗaure mini shi a leda da ruwa da iska, na sa a bokiti tsakanin ƙafafuna a gaban babbar mota, direba yana yi mini tsiya har muka iso.

Kaka ta ɗaga ledar ta duba a haske ta ce, "Wanga ko romon marar lahiya ba shi yi." Sai ta sa tabarau ta ƙara dubawa. Wasan ya bar fuskarta. Ta ce, "Numfashinai ya yi sama. An wahal da jinjirin ga." Ta zaunar da ni ta ce in faɗa mata duk abin da mai shagon ya ce, kada in rage. Na ce ya ce kada a juye shi cikin sabon ruwa kai tsaye, a sa ledar ta yi iyo tukuna har ɗumin ruwan ya zo ɗaya. Kada a cika masa abinci. Kada a bar datti ya taru. Kada a bar rana ta buge shi. Ta gyaɗa kai ta ce, "Ashe dai jego na." Ta naɗe hannun riga ta gwada ruwan da gwiwar hannu, kamar yadda take yi in za ta wanke jariri.

Mai shagon bai yi ƙarya ba. Daga roba aka koma ƙaramin akwatin gilashi, daga nan Ɗan Ikko ya kai in ya juya sai jelarsa ta shafi bango. Ya kusa kamu a tsawo, ga kauri, ga baki kamar na tulu, da wani ɗigo mai kama da ido a gindin jela. Kaka ta ce ba ta taɓa karɓar haihuwa a ɗakin da mai naƙuda ba ta iya miƙe ƙafa ba, kuma ba za ta fara tsare mai rai a ƙunci da tsufanta ba. Muka sa wani mai gilashin taga a Sakkwato ya haɗa babba, mai kauri, tsawon gadon yaro. Da aka kawo, babu wurin ajiyewa. Kaka ta dubi jeren kwanukanta da tasoshin da ta tara tun tana amarya, waɗanda ko taɓawa ba a yi, ta kira jikokinta mata ta rabar a wuni ɗaya. Inna ta ji haushi, ta ce kayan tarihi ne. Kaka ta ce, "Kwano ba shi sanin ka shigo ɗaki."

Shi kuwa yana sani. In Kaka ta motsa a kan gado sai ya taso ya manna fuska a gilashi yana kaɗa jiki kamar ɗan akuya ya ga dusa. A yatsunta yake karɓar abinci, har ya bari ta shafa masa baya. Baƙo kuwa in ya matso, sai ya buɗe kumatu ya yi masa kallon banza. Ga taurin kai. Tsakuwar da aka shimfiɗa masa, kwasa yake da baki ya tara a kusurwar da ya ga dama. Na taɓa kawo masa furen roba don ado, ya tumɓuke, na dasa, ya tumɓuke, na haƙura. Na kawo masa wasu ƙananan kifaye masu launi don ya sami abokan hira, kafin la'asar babu ko ɗaya, sai shi kaɗai yana yawo da ciki a gaba. Kaka ta ce, "Kai kak kai su. Mutumin Ikko na, ba shi son maƙwabta." Sau ɗaya ya yi tsalle ya faɗo tsakar ɗaki yana bin ƙuda, tun daga ranar aka yi wa akwatin murfi, ta ɗora ɗan dutsen niƙa a kai.

A kan ruwa ne ba ta wasa. Ruwan famfo mai warin magani ba ya shiga wurinsa sai ya kwana a randa. Duk Alhamis takan sa tiyo ta zuƙo na ƙasa, inda datti ke kwanciya, ta rage kamar kashi ɗaya cikin uku, ta cika da wanda ya kwana. Wanda ta cire kuma zogalenta ke sha, shi ya sa babu zogale irin nata a unguwar. Akwai ɗan soso da ke tace ruwan. Shi ba ta wanke shi sai a cikin tsohon ruwan da ta zuƙo, ta ɗan matse shi sama-sama ta mayar. In ka ce bai fita ba, ta ce ba a so ya fita, dattin nan akwai na amfani a ciki. Takan ce, "Ba a sake ma mai rai duniya rana guda." Haka take faɗa wa amaren da aka kawo unguwa suna kuka, haka take faɗa wa masu yaye da gaggawa.

Wannan ƙa'ida ce matar Kawu ba ta sani ba lokacin da Kaka ta tafi biki Kebbe. Mace ce mai tsabta, mai son ta faranta wa surukarta. Ta ce bari tsohuwa ta dawo ta ga ɗaki yana walƙiya. Ta kamo Ɗan Ikko ta sa a bokiti, ta kwashe ruwan kaf, ta wanke gilashi da tsakuwa da soso da sabulu da toka kamar tukunyar biki, ta cika da sabon ruwan famfo. Kaka ta dawo ta tarar da gilashi kamar ba gilashi don haske, kifi kuma a kwance a gefe yana haki, jikinsa ya koɗe. Ina nan a ranar, na ce yau za a ji su. Kaka ta dubi gilashin, ta dubi hannun matar Kawu da toka ta cinye, ta ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata, kin sha aiki. Ɗauko man bokiti." Suka ɗauraye komai har warin sabulu ya fita, suka kwashe ruwan randunan gidan da na maƙwabta, ranar sai ruwan leda muka saya muka sha. Ya yi kwanaki kafin ya miƙe. Ba ta taɓa tayar da zancen ba. Da na tambaye ta yadda ta haɗiye, sai ta ce, "Wanda yaɓ ɓata don son ka, koya mai aka yi." Daga nan matar Kawu ta zama hannunta na biyu a kan kifin.

Bazara ce babbar jarrabawa. Zafin Tambuwal kun san shi, ga ɗauke wuta. In wuta ta tafi, ɗan injin da ke hura iska a ruwan sai ya tsaya, Ɗan Ikko ya taso sama yana buɗe baki. Kaka takan jiƙa buhun algarara ta lulluɓe gilashin kamar randa, ta ja kujera 'yar tsugune, ta ɗauki moɗa ta riƙa ɗibar ruwan tana sheƙo shi daga sama, kamar mai fifita kunu. Hannu ɗaya moɗa, hannu ɗaya carbi, tun azahar har rana ta yi sanyi. Na ga haka sau biyu, na uku na kawo sola da batir. Ta bi mai haɗawa da kallo har ya gama, ta ji injin ya ɗauka, ta ce, "Yau dai maigida ya yi cefane."

Abincinsa ƙwayoyi ne na kanti da nake sayowa, tana zuba su a gwangwanin madara. Lokacin girbi takan ƙara masa fara, ta cire ƙafafun. Da ruwan farko, shinge, wato gara mai fiffike, da tana. Tuwo da kitse kuwa haram, yaron da ya jefa masa loma ya san sauran. Kuma kifin ya yi mata aiki. Yarinya mai cikin fari in ta shigo a firgice, ko uwar da ɗanta ya ƙi nono, Kaka ba ta fara tambaya. Sai ta ce, "Zauna nan ki kallam man Ɗan Ikko, ina zuwa." Ta fita ta yi 'yan kewaye-kewayenta. Kafin ta dawo numfashin yarinya ya sauka, sannan a yi magana.

Mutum ɗaya ne bai taɓa son kifin nan ba, shi ne Kawu. Kuma ba mugunta ba ce.

Kaka mutuniyar da ce, mai kunyar ɗan fari. Tun da ta haifi Kawu ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" take cewa, ko "mai babur". Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yabonsa, ba ta zama hira da shi. Matar da ke yi wa jariran mutane kirari tun kafin a goge su, nata ɗan in ya kawo mata labarin ƙarin girma a wurin aiki, "To" kawai take cewa. Kawu ya san al'ada ce. Amma wata rana muna hanyar Kebbe ni da shi, ba tare da na tambaye shi ba, ya ce, "Ɗan nan, ban ce ta yi laihi ba, haka munka ishe. Amma a ce yau kihi na da suna bakinta…" Bai ƙarasa ba, ya koma kallon gonaki.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne gaisuwar safe. Kullum in rana ta ɗan ɗaga yakan zo ƙofar ɗakinta, ya tuɓe takalmi, ya yi gyaran murya, ya yi sallama, ya durƙusa daga bakin ƙofa. Kafin zuwan kifin, gaisuwar ba ta wuce "Ina kwana", "Lahiya", ta ce "To, madalla", ya tashi. Wannan "madalla" ita ce sallamarsa, in ba ta faɗa ba ba ya tashi. Da kifin ya zo sai abin ya sake. Tana amsa gaisuwa sai ta juya masa baya, ta ɗauki gwangwani, ta jefa ƙwaya ɗaya, ta jira a haɗiye, ta yi hira, ta jefa wata.

"Ɗan Ikko, ka ji ruwan jiya ya ci katangar bayan gida."

Kawu yana kallon tabarma. Can ya ce, "An kira magini."

"Ka ji an ce an kira magini. To, Allah shi sa ba wancan mai ha'incin ba na."

"Ba shi na ba."

"Ka ji an ce ba shi na ba."

Haka za a bi ta kan farashin gero, da wadda ta haihu, da gwiwarta, da tarin da wani yake yi da asuba bai nemi magani ba. Kawu yana satar kallon agogo. In ta gama ta rufe gwangwani ta ce "To, madalla", ya fito yana ƙunƙuni, "Tsohon hedimasta na bin layi bayan kihi."

Faɗansu na gaske sau ɗaya ne. Kaka ta zame da bokitin ruwan kifi a hannu, ƙugunta ya bugu, aka kwantar da ita a asibiti. Kawu ya tsorata, tsoron ya koma fushi. A gaban gadonta ya ce kifin nan sai ya kashe ta, yau zai sa a fitar da shi. Kaka ta juya fuska bango ta ce wa matarsa, "Hwaɗa ma mai babur, in kihi ya hita gidan ga, ni ma Kebbe na nuhwa." Kifi bai fita ba. Matar Kawu ta karɓi ɗaukar ruwa, amma ciyarwa Kaka ba ta bar wa kowa ba har ƙarshe.

Ganina da ita na ƙarshe, an juya mata gado yana fuskantar gilashin. Ta rame, amma bakin yana nan. Ta ce, "Maigida, in na tahi, takaba za ka yi ko yawo?" Na ce sabuwa zan auro, mai haƙora. Ta yi dariya har ta yi tari, ta ce wace mai haƙora za ta yarda da mai warin albasa. Ta yi wasiyya a kan komai, har tsohuwar butarta ta faɗi wanda za a ba. A kan kifin ba ta ce uffan ba.

Shi ya sa da Kawu ya yanke hukunci a zaman makoki, babu mai abin cewa. Ni na gwada. Na same shi bayan sallar la'asar na ce, "Kawu, gulbi ba gidansa ba ne, masunta za su kama shi." Ya ce, "Kai za ka ɗauke shi, ka ɗora bisa albasa?" Bai jira amsata ba. Ya ce, "An ce man ba shi ci. Nan ma mutuwa shika yi. Gara shi mutu cikin ruwan Allah da shi mutu cikin kwalba muna kallo." Gaskiya ya faɗa. Matar Kawu ta gwada ba shi abinci, na gwada, har fara muka nemo. Ƙwayar takan jiƙe ta nutse a gaban bakinsa bai dube ta ba. Ya koma kusurwa ya jingina da gilashi, jan gefensa ya dushe. Kawu kuwa bai gan shi da idonsa ba, domin tun da aka fito da gawar bai sake taka ɗakin ba.

Washegarin addu'ar bakwai baƙi suka watse. Motar Kebbe ta tsaya a ƙofar gida, kayan Inna a ciki. Aka yanke bakin wata babbar jarka aka kawo. Ni da Inna da matar Kawu muka tsaya a kan akwatin, kowa yana jiran wani ya fara. Inna da ta kawo shawarar ma sai gyara mayafi take yi. Direba ya yi oda. Kawu ya gaji da jira ya taho da kansa ya ga abin da ya tsayar da mu.

Da ya iso ƙofar, ƙafarsa ta yi abin da ta saba. Ya tuɓe takalmi, ya yi gyaran murya, ya yi sallama.

Ɗan Ikko ya motsa. Ya miƙe daga jinginar da ya yi, ya juyo a hankali, ya taso har saman ruwa a kusurwar da Kaka ke tsayawa, ya fara kaɗa jiki yana buɗe baki. Wani zai ce ɗakin ne ya yi shiru bayan kwanakin hayaniya, ko yunwa ce ta kai masa karo. Ban musa ba. Abin da na gani nake faɗa.

Kawu ya tsaya da hannu a jikin ƙyaure. Ya ce, "Mi shika yi haka?"

Matar Kawu ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Malam, kai shika jira. Tun asuba takan aje gwangwanin bisa cinya, kihin na roƙo, ba ta ba shi sai ta ji sallamarka. Da muryarka yas san abinci."

Kawu ya kai ido kan gwangwanin.

Ta ce, "Ran da ka yi tahiya kuma, ba ta wannan ɗaya-ɗayar. Watsa mai takan yi gaba ɗaya ta ruhe gwangwani. Na taɓa tambayarta. Tac ce in ta ba shi gaba ɗaya, mai babur tashi shika yi." Ta goge ido da bakin zane. "Tac ce in na hwaɗa maka tana da rai, ba ta yahe man ba."

Inna ta zauna a bakin gado ta rufe fuska. Ni na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan jarka.

Kawu ya shigo. Bai tsaya a bakin ƙofa inda ya saba durƙusawa ba, ya ƙaraso har gaban gilashin. Ya ɗauki gwangwanin, ya kasa buɗewa, matarsa ta buɗe masa. Ya ɗebo da yawa a tafin hannu, ya duba, ya mayar, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya jefa. Ɗan Ikko ya cafe ta har ruwa ya fantsamo masa a riga. Kawu ya ja kujera 'yar tsugune ya zauna, babban mutum da babbar riga, gwiwoyinsa sun kusa kai masa haɓa. Ya jira aka haɗiye, ya jefa wata.

Direba ya sake yin oda. Kawu bai waiwayo ba ya ce wa Inna, "Ku tahi, rana na yi. A gaida mutanen Kebbe." Inna ta tashi ta ɗauki jakarta, ta bar jarkar a nan.

Na raka ta mota na dawo, na tarar da Kawu yadda na bar shi. Can ya ce, "Ɗan nan, irinsu shekara nawa sukan yi?"

Na ce mai shagon ya ce in sun sami kulawa sukan haura goma da nisa, kuma wannan da sauransa.

Ya jinjina kai, ya dubi kifin, kifin ya dube shi. Ya ce, "To. Mu gani, ni da shi, wa ka yi ma wani zaman makoki."

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe mata, ya yalwata makwancinta, ya shayar da ita ruwan da ba ya gurɓata. Mu da ta bari, ya ba mu haƙuri da kyakkyawan ƙarshe. Kawu kuma Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, don aiki ya same shi.